Aiki Ya Yi Kyau, Mai Hanci Bai Gamsu Ba: Waiwaye Kan Tiyatar Hanci

Likitocin gyaran fuska kusan bakinsu ɗaya cewa cikin ayyukansu babu mai wuyar sha'ani kamar tiyatar hanci. Ba wai ta fi sauran haɗari ba ne. Da wuya a ji ta yi ajalin wani. Inda gizo ke saƙar shi ne, likita zai yi aiki mai kyau, abokan sana'arsa su duba hotuna su jinjina masa, amma mai hancin ya koma gida ya tsaya gaban madubi ya rantse an cuce shi. Wani lokaci kuma likitan ne ke ganin kuskurensa ƙuru-ƙuru, mai hanci kuwa sai godiya yake yi, har yana turo 'yan uwansa. Wannan saɓani yana da asali, kuma wanda ya bi sawunsa zai tarar cewa yadda hannun likita ke ƙara gwanancewa, haka gamsar da mai hanci ke ƙara wuya.

Da farko babu wanda ya damu ya tambayi kowa ko ya gamsu, domin waɗanda ake yi wa aikin hancin ma ba su da shi. A tsohuwar Indiya yanke hanci hukunci ne da ake yi wa mazinaci da ɓarawo da wanda aka kamo a yaƙi. Da gangan aka zaɓe shi, don ba ya ɓoyuwa: wanda aka yi wa bulala zai sa riga, wanda aka yanke wa hanci kuwa duk inda ya nufa laifinsa ya riga shi sallama. Littafin Sushruta, wanda ake kai asalinsa ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana yadda ake auna gurbin da ganye, a yanko fata daidai girmansa daga kunci ba tare da an raba ta da jiki ba, a juyo ta a ɗinke, sannan a zura 'yan bututu biyu don kada kafofin su liƙe.

Musulmi ma suna da nasu labarin. An sare wa Arfaja ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa aka ƙera masa na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito. Malaman fiƙihu kan kawo hadisin wajen halascin zinariya ga namiji in larura ta kama, amma mai bin tarihin gyaran hanci zai lura da wani abu daban. Arfaja bai ce hancin ya yi tsawo ko ya karkace ba. Wari ne ya dame shi. Ma'aunin zamanin ke nan: abin ya zauna, kada ya ruɓe, mutum ya iya shiga mutane.

A Italiya, cikin ƙarni na 15, gidan Branca na tsibirin Sisili suka fara ɗauko fatar daga damtse don kada a ƙara wa fuska wani tabo. Gaspare Tagliacozzi, malamin tiyata a Bologna, shi ya rubuta hanyar dalla-dalla a littafinsa na 1597. Sai an ɗaure damtsen mutum a jikin fuskarsa da maɗaurai kimanin mako uku kafin fatar ta kama, kuma babu maganin sa barci, babu na kashe ƙwayoyin cuta. Mutane suka riƙa jure wannan azaba don su samu wani ɗan tudun fata fari fat wanda ko kama da sauran fuskar bai yi ba. Tagliacozzi ya gane tun a lokacin cewa zuciyar mutum ake ɗinkewa fiye da fuskarsa, amma bayan rasuwarsa a 1599 sana'ar ta kwanta a Turai kusan shekara ɗari biyu, duk da cewa tunjere na nan yana rusa hantunan mutane, yana bar musu alamar da kowa ya gani ya san daga inda aka ɗauko ta.

Daga Indiya aikin ya sake farfaɗowa. A Oktoban 1794 mujallar Gentleman's Magazine ta Landan ta buga labarin Cowasjee, wani mai korar shanun dakon kaya na sojan Ingila, wanda mutanen sarki Tipu Sultan suka kama suka yanke masa hanci da hannu ɗaya. Wani ma'aikacin gargajiya a kusa da Pune ya gina masa sabo da fatar goshi, likitocin Ingila biyu suna tsaye suna kallo. Joseph Carpue ya karanta, ya yi ta gwaji a kan gawarwaki, ya yi wa mai rai a Landan a 1814, ya wallafa sakamakon a 1816. Hantunan da aka samu ta wannan hanya, in da a yau ne, likita ba zai yarda a ɗauki hotonsu ba: dunƙulen fata ne marar ƙashi, ga tabo shimfiɗe a goshi. Duk da haka masu su sun gode, kuma godiyar ta gaske ce. Wanda ya yi shekaru yana rufe fuska da ƙyalle ba ya auna hanci da milimita.

Wannan har gobe haka yake, kuma ba sai an je nesa ba. A asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, ana sake gina hanci da leɓe da kunci ga waɗanda wannan cuta mai cin fuska ta bari da rai. Wasu sai an yi musu aiki sau da dama, kuma fuskar ba ta komawa yadda Allah ya halicce ta. Amma yarinyar da a da ba ta iya cin abinci gaban mutane, in ta koma makaranta, ita da iyayenta ba sa neman ƙari a kan haka.

Abubuwa uku ne suka sauya wanda ke ƙwanƙwasa ƙofar likita: maganin sa barci da aka nuna a Boston a 1846, tsarin kashe ƙwayoyin cuta na Joseph Lister a 1867, da gano cewa hodar iblis na kashe zafi a wurin da aka shafa ta, a 1884. Da zafi da ruɓewa suka ragu, sai wani sabon baƙo ya bayyana: mutum mai cikakken hanci, lafiyayye, yana shaƙar iska, amma ba ya son siffarsa. John Orlando Roe, likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Rochester ta jihar New York, shi ya fara yi wa irin waɗannan aiki ta cikin kafar hanci a 1887, yadda ba za a ga tabo a waje ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai neman irin wannan gyara babban burinsa kada a san an yi.

Amma wanda ake kira uban sana'ar shi ne Jacques Joseph na Balin. A 1896 ya gyara wa wani yaro kunnuwa da suka baje, waɗanda yara ke yi masa dariya a kansu har ya ƙi makaranta. Maigidansa a asibitin jami'a ya sallame shi, don a ganinsa bai kamata likita ya sa wuƙa a lafiyayyen jiki saboda ƙawa ba. Bayan shekara biyu, a 1898, Joseph ya tsaya gaban ƙungiyar likitocin Balin da labarin wani mutum ɗan shekara 28 wanda girman hancinsa ya sa ake nuna shi a titi, har ya daina fita, baƙin ciki ya rufe shi. Joseph ya rage hancin, mutumin ya koma cikin jama'a. Hujjar da ya kafa ita ce ciwon zuciya ma ciwo ne, kuma wuƙa na iya maganinsa. Abin da ya taɓa hanci, in ji Hausawa, shi ke sa ido ruwa. Wannan hujja ita ta halatta sana'ar a idon likitoci, amma a cikinta aka binne matsalar da ake fama da ita har yau. Tun da ciwon a zuciya yake, to, zuciya ce kaɗai za ta ce an warke. Likita ya miƙa alƙalanci ga mai hanci tun daga ranar, sai dai ya ɗauki kusan shekara ɗari kafin ya yarda cewa ya miƙa.

Da yawa daga masu zuwa wurin Joseph Yahudawan Jamus ne da ke son su bi titi ba tare da an gane su ba, a lokacin da zanen barkwanci na ƙiyayya ya mai da dogon hanci mai ƙusumbi tambarinsu. Gamsuwarsu ba ta rataya ga madubi kaɗai ba, ta rataya ga idon maƙwabci. Bahaushe zai yi mamakin wannan, domin abin da suke biyan kuɗi a rage shi ne abin da ake yabo a wurinmu. In ana kwatanta kyakkyawa ana cewa hanci har baka, kuma tsofaffi mata in suna wankan jariri ba sa mantawa su ja masa karan hanci da ɗumin hannu don ya tashi. Kyan hanci a garinsu yake. Littattafan tiyata na Turai kuwa sun daɗe suna koyar da kusurwoyi da ma'aunai na fuskar Bature a matsayin na kowa da kowa.

Farkon ƙarni na 20 ya kawo wani darasi mai tsada. Bayan Robert Gersuny na Biyana ya buɗe ƙofar yi wa jiki allurar farafin a 1899, sai aka shiga cike hantunan da suka lotsa da kaki. Aikin minti kaɗan ne, sakamakon nan take, kowa ya fita yana murna. Bayan shekaru kakin ya riƙa gangarawa yana curewa, jiki yana yaƙarsa da ƙulluwa masu wuyar cirewa. Gladys Deacon, wadda ake sawa cikin kyawawan matan Turai na zamaninta kuma daga baya ta auri Duke na Marlborough, ta sa aka yi mata don karan hancinta ya miƙe ɗoɗar, kakin ya zame ya taru a haɓarta. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga nan ya kamata a gane cewa murnar makon farko ba shaida ba ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mai da hankali kan fuskokin da harsashi ya tarwatsa. Harold Gillies, a asibitin Sidcup da aka buɗe a 1917, ya yi wa sojoji fiye da 5,000 aiki tare da abokan aikinsa, ya kuma tabbatar da cewa hanci sai da shimfiɗar ciki da madogara da rufin waje, in aka rasa ɗaya sauran za su shanye.

Abin takaici, masu gyaran ƙawa ba su ɗauki wannan darasi da wuri ba. Almajiran Joseph, irin su Gustave Aufricht, da masu koyar da hanyarsa irin su Samuel Fomon, sun kai ta Amurka, kuma daga shekarun 1950 zuwa 1970 gyaran hanci ya zama kyautar da iyaye masu hali ke yi wa 'ya'yansu mata kafin su shiga jami'a. Salon ɗaya ne: a kankare ƙusumbin har bayan hancin ya lotsa, a matse kan, a ɗaga shi sama. Likita ke zaɓa, yarinya ta karɓa. Wasu hantunan har da sunan likitansu ake kiran su, don da gani an san hannun wane ne. A hoton wata shida abin gwanin sha'awa. Amma aikin duk ragewa ne, kamar magini ya zare azara daga rufin soro don ɗaki ya ƙara tsawo: ranar da ya gama ba a ganin komai, sai damina ta yi ta zagayowa. Fata da tabon ciki suna ci gaba da tsukewa shekara da shekaru. Bayan shekara goma ko ashirin sai ga tsakiyar hanci ta rufta, kan ya tsuke, gefen kafofin yana mannewa duk lokacin da aka ja numfashi.

Nan ne numfashi ya shigo lissafin gamsuwa. Can cikin hanci akwai wata matsattsiyar mashiga inda guringuntsin gefe ya haɗu da bangon da ya raba kafofin biyu. Ita ce wuri mafi ƙunci a duk hanyar iska, kuma cire ƙusumbi ba tare da an tallafe ta ba yana ƙara tsuke ta. Maurice Cottle na Chicago ya daɗe yana jan kunnen abokan aikinsa cewa hanci gaɓar numfashi ce kafin ta zama ado, amma sai da Jack Sheen ya fitar da littafinsa a 1978, ya kuma bayyana a 1984 yadda ake dasa 'yan siraran guringuntsi biyu su buɗe mashigar, sannan akalar ta juya daga ragewa zuwa ginawa. Hanyar buɗe hanci ta ɗan yanka a ginshiƙin da ke tsakanin kafofi, wadda Ivo Padovan na Zagreb ya gabatar a New York a 1970, ta ba likita damar ganin abin da yake yi da idonsa maimakon laluben yatsa. Mutum kan manta da siffar hancinsa in ya shagala da aiki, amma wanda ke kwana da baki buɗe, yana farkawa da busasshen maƙogwaro, kullum dare sai ya tuna da likitansa.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a hoto. Mark Constantian, likita a New Hampshire, ya tambayi mutum 150 da suka zo neman gyaran gyara abin da ya kawo su, ya wallafa a 2012. Kashi 41 cikin 100 sun ce aikin farko ya haifar da sabuwar nakasa, kashi 33 sun ce bai gyara ta asali ba, amma kashi 15 kukansu shi ne an raba su da kamanninsu, ko na gidansu, ko na ƙabilarsu. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ba ni tausayi, domin likitansu na iya rantsuwa bai yi kuskure ba, kuma ya yi gaskiya. Jarumar fim Jennifer Grey, wadda duniya ta sani da fim ɗin Dirty Dancing na 1987, ta sha faɗi da bakinta cewa bayan an gyara mata hanci mutanen da suka san ta sun daina gane ta, kuma sana'arta ba ta koma yadda take ba. Ga baƙar fata abin ya fi tsanani. Fatar kan hanci ta fi kauri, guringuntsin ya fi taushi, ga haɗarin tabo mai tasowa, don haka hanyar kankarewa da aka ƙirƙira don hancin Bature ba ta ba da abin da aka yi zato. Ferdinand Ofodile, likita ɗan asalin Nijeriya a asibitin Harlem da ke New York, ya auna hantunan baƙaƙen Amurka kimanin 200, ya nuna a 1993 cewa su kansu ba iri ɗaya ba ne, ya kasa su gida uku. Saƙonsa ga abokan aiki shi ne a daina ɗora wa kowa hanci ɗaya.

Duk wannan laifin wuƙa ne ko na salo. Amma tun da wuri likitoci sun lura da wasu mutane da ko mala'ika ne ya yi musu aikin ba za su gamsu ba. Enrico Morselli na Italiya ya bayyana wannan larura a 1891: mutum ya ƙwallafa rai a kan wani aibi a jikinsa wanda ko babu shi, ko kuwa ƙanƙani ne da ba wanda ke lura. Sergei Pankejeff, wani attajirin Rasha da Sigmund Freud ya taɓa yi wa magani, ya koma hannun likitar ƙwaƙwalwa Ruth Mack Brunswick a 1926 yana yawo da ɗan madubi a aljihu, yana ciro shi a titi yana duba wani rami da ya ce likitan fata ya yi masa a hanci. A shekarun 1960 Milton Edgerton na jami'ar Johns Hopkins ya riƙa zama da likitocin ƙwaƙwalwa suna tantance masu neman gyaran fuska kafin aiki. Sun ga cewa yawancinsu aikin na amfanarsu, amma akwai 'yan tsirarun da kowane aiki ƙara musu ƙishirwar wani yake yi. Wanda bai ɗauki gargaɗin da muhimmanci ba ya ɗauka a 1977, lokacin da wani mutum a Madrid da bai gamsu da hancinsa ba ya harbe likitansa, Vázquez Añón, har lahira.

Mark Gorney na San Francisco, wanda ya shafe shekaru yana duba ƙararrakin da ake kai likitoci, ya taƙaita abin a zane mai layi biyu: ɗaya girman aibin a idon likita, ɗaya girman damuwar mai shi. Mai babban aibi da 'yar damuwa shi ne wanda zai gamsu. Mai ɗan aibi da damuwa kamar ta kashe shi, a guje shi. A ganina babu wata na'ura da aka ƙirƙira a wannan fanni da ta kai wannan zane amfani, domin shi ya koya wa likita cewa “a'a” ma magani ce. Gorney ya kuma yaɗa laƙabin SIMON ga wanda ya fi hatsari: namiji, marar aure, wanda bai gama nutsuwa ba, mai dogon buri, mai ji da kansa. Laƙabin yana da kaushi, kuma ya sa an zalunci maza da yawa masu ƙorafi na gaskiya. Sai dai alƙaluma ba su wanke maza ba. Wani nazari da Ibrahim Khansa da abokansa suka wallafa a 2016, kan bayanan mutum sama da 2,300 da suka yi aikin, ya samu gamsuwa kashi 87.6 a mata, kashi 56.1 a maza. Abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne matan da ba su gamsu ba sun iya nuna takamaiman abin da ya dame su, maza kuwa yawanci sai dai su ce bai yi ba. Wanda bai iya faɗin abin da ba ya so bayan aiki, da wuya a ce ya iya faɗin abin da yake so kafin aiki.

An shigar da larurar da Morselli ya bayyana, wato cutar ganin muni, cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka da sunanta a 1987. A cikin jama'a ba ta wuce kimanin mutum 2 cikin 100 ba. Amma a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Valerie Picavet da abokanta sun tantance masu neman tiyatar hanci 226 a 2011, suka samu alamunta masu ƙarfi ko matsakaita a kashi 33, kuma cikin waɗanda ƙawa zalla ta kawo su, kashi 43. Da suka bi sawu bayan aiki, sun ga cewa gwargwadon tsananin alamun kafin wuƙa, gwargwadon ƙarancin gamsuwa bayanta.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, duk tsawon wannan tarihi hukuncin nasara a mujallun likitoci hoto ne da ra'ayin likita. Sai a shekarar 2000 Ramsey Alsarraf ya fito da takardar tambayoyi shida da mai hanci ke amsawa da kansa, a haɗa maki zuwa 100. A 2004 aka samu ma'aunin toshewar hanci na Michael Stewart, daga 2010 tsarin FACE-Q, a 2018 kuma na jami'ar Stanford mai tambayoyi goma da ya haɗa numfashi da siffa. Cikin tambayoyi shida na Alsarraf, ɗaya tana tambayar yadda mutum ke jin danginsa da abokansa na kallon hancin. Wannan tambaya ta san halin ɗan Adam. Kalma ɗaya daga uwa ko miji a ranar da aka cire filasta, lokacin da fuska ke kumbure, tana iya rushe aikin awa uku. Kumburin kuwa ba ya sauka da wuri: kan hanci na ɗaukar shekara guda kafin ya nuna ainihin siffarsa, mai kaurin fata ya fi haka. Wanda ba a faɗa wa wannan tun farko ba, watanninsa na farko duk na nadama ne a kan abin da bai ma gama faruwa ba. Kuma komawa ba ta da tabbas. Binciken Emily Spataro da abokanta na 2016, kan mutum 175,842 a jihohi uku na Amurka, ya nuna kashi 3.1 na masu aikin farko sun sake komawa ɗakin tiyata, amma cikin waɗanda aikinsu dama na biyu ne, kashi 11 ne suka sake.

Yanzu madubin ya koma cikin waya. Boris Paskhover na jami'ar Rutgers ya lissafa a 2018 cewa hoton ɗauki-kanka da aka ɗauka a tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, abin da ba ya faruwa a tazarar mita ɗaya da rabi. Wato akwai masu zuwa a gyara musu hancin da kyamara ce ta ƙirƙira shi. Wasu kuma suna zuwa da hotonsu da manhaja ta tace, suna neman fata da ƙashi su bi abin da yatsa ya zana. Hoton kwamfuta da likitoci ke nunawa kafin aiki yana taimakawa in an ɗauke shi a matsayin hanyar fahimtar juna, yana zama tarko in an ɗauke shi alkawari. Su kansu likitocin sun ja da baya daga yawan yanka: salon da Rollin Daniel ya yi wa shela a 2018, na barin bayan hanci yadda yake a sauke shi daga ƙasa, asalinsa tunani ne da Joseph Goodale ya kawo a 1899 da Oliver Lothrop a 1914.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya ta Maleshiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara don mai da gaɓa yadda take, ko dawo da aikinta, ko gyara aibi irin karkacewar hanci mai tsanani, ko kawar da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a zuciya. Ta hana sauya lafiyayyiyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu, ta kuma wajabta wa likita ya bayyana haɗarin aikin filla-filla. Malamai sun bi ta hanyar nassi, Gorney ya bi ta takardun kotu, amma iyakar da suka shata ba ta yi nisa da juna ba.

Tehran da Santambul yanzu su ne manyan kasuwannin wannan aiki, kuma tallarsu na iso mu a Instagram da TikTok: tikiti, otal, tiyata, a dawo gida cikin kwana bakwai ko goma. Ƙwararru na gaske suna can, ba a musun wannan. Amma mai shirin tafiya daga Kano ko Abuja ko Yamai ya tambayi likitan hantuna nawa irin nasa ya taɓa yi, ya nemi ganin hotunansu na bayan shekara guda ba na kan gadon tiyata ba, ya sa a duba numfashinsa kafin a taɓa siffarsa, ya kuma san wanda zai duba shi a wata na shida in wani abu ya taso. In sakamakon bai yi masa ba, yawancin likitoci ba sa yarda su sake buɗe hanci sai an cika wata goma sha biyu.